Kifi Ke Zaɓen Sanda

Duk wanda ya taɓa zama bakin kogi ko tafki da fatsa ya san inda nauyinta yake. A bakin zare akwai ƙugiya an soka mata tana, sama da ita kuma an ɗaura 'yar dalma. In ka wurga, dalmar ce ke tafiya, zare na bin ta a baya. To akwai wani salon kamun kifi da ya juya wannan tsari gaba ɗaya. A bakin zarensa babu tana. Abin da ke wurin ƙugiya ce da aka ɗaure wa gashin tsuntsu da na dabba da zare, har ta ɗauki kamannin ƙwaro, ko jatan lande, ko ƙaguwa, ko ɗan ƙaramin kifi. Wannan ƙwaron gashi ba shi da nauyin da zai kai shi ko'ina. In ka jefa shi da hannu, a gabanka zai faɗi. Don haka sai aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Igiya ce mai kauri da aka lulluɓe da roba, tsawonta ƙafa 90 zuwa 100. Masunci na kaɗa ta a iska, gaba da baya, sanda na lanƙwasawa tana miƙewa, har igiyar ta warware a saman ruwa ta ajiye ƙwaron inda ake so.

Salon ya girma ne a kogunan Birtaniya da Amurka masu sanyi, inda ake neman kifin tirawut da salmon. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya samu gindin zama a teku, musamman a jerin tsibiran kudancin Fulorida ta Amurka. A can, a yankin Islamorada, marubuci Joe Brooks ya shiga sahun waɗanda suka fara kama kifin bonfish da ƙwaron gashi da gangan, a 1947. Yau ana yin sa a tsibirin Andros na Bahamas, da Beliz, da Kiritimati a tsakiyar tekun Fasifik, da tsibiran Seshel, har da gaɓar Bahar Maliya ta Sudan. Wuraren kusan duk iri ɗaya ne: teku ta shimfiɗu a kan farin yashi, ruwa iya gwiwa kuma garau, rana na duka, iska ba ta hutawa. Masunci ba ya jefa igiya ya zauna jiran rabo. Sai ya ga kifin da idonsa tukuna. Shi ma kifin ba makaho ba ne. A irin wannan ruwa, kifi na ganinka mai jar koma, domin inuwar igiya kaɗai ta isa ta watsa garke guda.

Abin da ya ja hankalina a wannan sana'a shi ne yadda ƙwararrunta ke zaɓen sanda. Mutum ya shiga shagon kayan su ya ce a ba shi sandar teku mai kyau. In mai shagon mai amana ne, ba zai miƙa masa komai ba sai ya sha tambayoyi. Wane kifi za ka nema? A ina? A wane wata? Da ƙafa za ka shiga ruwa ko a kan jirgi za ka tsaya? Dalilin tambayoyin a fili yake. Abincin da kifin ke ci shi ke faɗin irin ƙwaron da za a ɗaura. Girman ƙwaron da ƙarfin iskar wurin su ke faɗin nauyin igiyar da za ta iya kai shi. Igiyar kuma ita ke faɗin sanda. Ashe sanda ce ta ƙarshe a layi, ga shi kuwa ita mai saye ke fara tambaya.

Kowace sanda akwai lamba a rubuce kusa da mariƙinta. Lambar ba nauyin sandar take nufi ba, nauyin igiyar da aka ƙera ta domin jefawa take nufi. A da, lokacin igiyar siliki, da kauri ake gane igiya. Da aka fara yin igiyoyin roba, sai aka ga biyu masu kauri ɗaya amma nauyinsu daban, lissafi ya rikice. A farkon shekarun 1960 ƙungiyar masu ƙera kayan su ta Amurka ta tsayar da ma'auni ɗaya: a auna ƙafa 30 na farkon igiya, wato mita 9 da 'yan kai, nauyin da aka samu shi ke ba ta lamba. Lamba 5, wadda masu tirawut suka fi riƙewa, giram 9 ce. Lamba 8 ta ɗan haura giram 13 da rabi. Lamba 12 kusan giram 25 ce. Bambancin a tafin hannu ba wani abu ba ne, amma a cikin iskar teku shi ne komai.

Bonfish, wanda yawancinsa bai wuce kilo ɗaya zuwa uku ba, lamba 8 aka saba yi masa. A lura da wannan: tirawut mai nauyinsa daidai, lamba 5 ta ishe shi a kogi. Ƙarin lambobi ukun nan na iska ne, da na ƙwaron da aka sa wa idanun ƙarfe don ya nutse da wuri, da kuma na gudun kifin, wanda da zarar ya ji ƙugiya zai iya zare igiya mita hamsin zuwa ɗari bai tsaya ba. Kifin famit, mai cin ƙaguwa, ana yi masa lamba 9 ko 10, saboda ƙaguwar gashi tana da nauyi kuma tana kama iska. Tarfon, mai manyan ɓawo kalar azurfa, sai 11 ko 12. Haka ma ƙaton tirebali na Seshel. Daga nan aikin sanda yakan sauya: jifa ya zama ƙaramin abu, babban aikinta ɗagawa da juya kan kifin da ya fi mutum ƙarfi. Tsawo kuwa kusan kowa ya tsaya kan ƙafa 9, a gaɓa huɗu, don ta shiga jakar tafiya.

Wannan duk lissafi ne, kuma lissafi ba shi da wuya. Inda mutane ke zamewa shi ne wajen gwaji.

Yawancin shagunan suna da fili a baya, ko ciyawa ko wurin ajiye motoci, inda ake barin mai saye ya gwada jifa. Me zai yi? Zai zare igiya gaba ɗaya ya ga iya nisan da zai kai. Zai kaɗa sau shida, sau bakwai, ba iska, ba gaggawa, ba kifi, har ya ga igiyar ta kai ƙafa 80. Sandar da ta fi kai shi nesa ita zai biya wa kuɗi. Sandar da ke cin wannan gasa kuwa kullum mai tauri ce, wadda kanta kaɗai ke lanƙwasawa, gindinta na tsaye ƙyam.

Yanzu a kai shi teku. Yana tsaye a goshin ƙaramin jirgi, jagora na bayansa a kan wani dandali yana tura jirgin da doguwar sanda, yana leƙen ruwa. Sun yi awa biyu ba su ga komai ba. Kwatsam jagora ya ce, “Ƙarfe goma, ƙafa arba'in, yana tafiya hagu.” Goshin jirgi shi ne ƙarfe sha biyu, da fuskar agogo ake kwatance. Daga wannan magana zuwa wucewar kifin 'yan daƙiƙoƙi ne. Igiyar da ke wajen sanda ba ta fi ƙafa goma sha wani abu ba, ƙwaron na riƙe a yatsunsa, iska na bugun kafaɗarsa ta dama. Kaɗawa biyu yake da ita, in ta yi yawa uku, kuma dole ƙwaron ya sauka gaban kifin a hankali, ba a kansa ba, ba a bayansa ba. A nan sandar nan mai tauri takan ba shi kunya. Ba ta lanƙwasawa sai an ɗora mata doguwar igiya. Da gajeriyar igiya hannu ba ya jin komai, jifa ya zama lalube. Yawancin damar da ake samu a irin wannan ruwa tsakanin ƙafa 30 ne zuwa 60, ranar da gajimare ya rufe rana ma kifin sai ya zo dab kafin a gan shi. Mutumin ya sayi sandar ƙafa 80 don aikin ƙafa 40. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ban ce tauri aibi ne ba. Iskar teku na buƙatar sanda mai saurin miƙewa, wadda za ta harba igiya a matse ta keta iska, kuma a hannun gwani sanda mai tauri makami ce. Tarihin sana'ar ma can ya nufa. An fara da katako, aka koma gorar da ake kawowa daga kudancin ƙasar Sin, a tsaga ta gida shida a manne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zaren gilashi ya karɓe kasuwa. A 1973 kamfanin Fenwick ya shiga sahun farko na masu fito da sandar girafait, mara nauyi, mai tauri, kuma tun daga lokacin kamfanoni ke tseren wanda zai fi. Abin da tseren ya haifar shi ne abin dubawa. Sanduna suka yi tauri har igiyar da ke daidai da lambarsu ta kasa lanƙwasa su a hannun mai matsakaicin gwaninta. Sai masu yin igiya suka shiga ƙara nauyi: igiya na ɗauke da lamba 8 a kwali, nauyinta kuwa na 8 da rabi ne, wani lokaci na 9 cif. Wasu kamfanonin suna faɗin haka a bayaninsu, amma mai saye da yawa lambar kawai yake karantawa. Ma'aunin da aka kafa don kowa ya fahimci kowa ya sassauta, saboda an bi abin da ke burge mutum a filin shago. Shi ya sa duk mai ba da shawara ta gaskiya zai ce a gwada sanda da ainihin igiyar da za a yi aiki da ita, da ƙwaro a ɗaure, a nisan ƙafa 40, in da hali ranar da ake iska. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma fa gwajin ya yi kama da aikin.

Tsohon tela ya san wannan karatu ko da bai taɓa ganin teku ba. Kawo masa aiki, yadin zai fara shafawa. Fata ce, ko shadda mai sitati, ko leshi mai laushi? Yadi ke faɗin zare, zare ke faɗin allura, allura da kaurin ɗinki su faɗi keken da zai iya. Amma sau nawa muke ganin matashi ya samu jari, daga gado ko adashi ko tallafi, ya nufi kasuwa ya ɗauko keke mafi girma da kuɗinsa za su iya, tun bai san wa zai kawo masa ɗinki ba, bai san irin kayan da unguwarsa ke sawa ba, bai ma tambayi ko wutar da keken ke ci za ta samu ba? Bayan wata shida keke na lulluɓe da zani a lungu, ana cewa sana'a ba ta karɓe shi ba. Ba ragwanci ba ne, kuma sau da yawa ba rashin basira ba ne. Ya fara daga ƙarshen layi ne.

Na daɗe ina tunanin abin da ke sa mu yin haka, mu da masu zuwa Bahamas baki ɗaya. Kayan aiki abu ne da ake gani, a riƙe, a nuna wa abokai. Ranar da ka saye shi kana jin ka fara, alhali ba ka fara komai ba. Tambayoyin da ya kamata su riga sayayya kuwa ba su da daɗi, domin kowace ɗaya na tona maka abin da ba ka sani ba, kuma amsarta sai ka je ka zauna gaban wanda ya riga ka, ka saurara. Biyan kuɗi ya fi wannan sauƙi. Mai sayarwa ma ya sani, shi ya sa zai nuna maka abin da kayan ke iya yi a ranar da ta fi kowace kyau, ba abin da za ka riƙa yi da shi kullum ba.

Akwai kuskure ta ɗaya gefen, kuma shi ya fi damuna, domin ba mai sandar ke biyan farashinsa ba. Wasu na ɗaukar ƙaramar sanda su tunkari babban kifi, ko don tsimi, ko don a ce sun yi bajinta. A san girman abin da ake magana a kai. A 2001 Jim Holland ƙarami ya kama tarfon mai kusan kilo 92 da ƙwaron gashi a gaɓar yammacin Fulorida, na farko da ya haura fam 200 ta wannan hanya. Wanda ya fi kowanne a kundin tarihi, kusan kilo 130, a ruwan Afirka ta Yamma aka kama shi, a Rubane ta Gini Bisau a 2003, ko da yake shi ba da ƙwaron gashi ba ne. Kifi ne mai tsalle sama da kan mutum, mai leƙo kai ya shaƙi iska ya sake samun ƙarfi ana tsakiyar kokawa. Da sanda mai gindin kirki, a riƙe ta ƙasa-ƙasa ana jan kifin ta gefe, gwani na iya gama da shi cikin rabin awa ko ƙasa da haka. Da ƙaramar sanda sai a yi awa biyu ana ja-in-ja. Kusan duk waɗannan kifaye sakinsu ake yi. Tun 2013 dokar Fulorida ta mayar da bonfish da tarfon kifayen kamawa a saki. To kifin da aka gajiyar har ya kasa daidaita jikinsa, in an sake shi, kifin shak ne ke jiransa, ko kuma ya mutu shi kaɗai bayan jirgi ya tafi. Mai sanda ya koma gida da hoto da labari, yana ganin ya yi adalci tunda ya saki. Mu da aka hore mu da cewa ko dabbar da za a yanka ba a azabtar da ita, bai kamata wannan ya wuce mu ba. Kayan aikin da ya gaza wa aiki, akwai mai ɗaukar nauyin gazawar, kuma sau da yawa wanda ba shi da bakin magana ne.

Wuce gona da iri ma ba mafita ba ce. Ka ɗauki lamba 12 ka je wa bonfish, igiyar za ta faɗo ruwa da ƙara ta kore shi, kafin azahar kuma gwiwar hannu da kafaɗa sun gaji. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Sai hannun da zai riƙe sandar, wanda shi ma yana cikin lissafi. A 1951 Joan Wulff, mace mai ƙaramin jiki, ta doke maza a gasar jifa mai nisa ta ƙasar Amurka. Lefty Kreh, wanda ya rasu a 2018 yana da shekara 93, kuma ƙwaron da ya ƙirƙira ya fito a jikin kan-sarkin wasiƙa na Amurka a 1991, ya kwashe rayuwarsa yana koya wa mutane jifa har cikin tsufansa. Su biyun shaida ne cewa nisa da saiti daga iya lokaci suke fitowa, da sanin inda za a tsayar da sanda cak. Akwai wata dabara da babu mai shiga teku ba tare da ita ba: hannun da ba ya riƙe da sanda ya fizgi igiya sau ɗaya a kaɗawar baya, sau ɗaya a ta gaba, don igiyar ta ƙara gudu. Wanda ya iya wannan zai keta iska da sanda mai araha. Wanda bai iya ba, ko ta dala dubu ya riƙe, igiyar a ƙafarsa za ta taru. Ana koyonta a kan ciyawa, da faranti a ajiye a matsayin kifi, makonni kafin tafiya.

Gishiri kuma yana da nasa hukunci, kuma a ƙananan wurare yake yanke shi. Jikin girafait ba ya tsatsa, amma zobban da igiya ke bi, da mazaunin faifan naɗe igiya, ƙarfe ne. Shi ya sa sandar teku ta gaske zobbanta na titaniyom ne ko ƙarfen da ba ya tsatsa, mazaunin faifan kuma alminiyom ne da aka yi wa rufi na musamman, ba katakon ado irin na sandar kogi ba. A gindinta akwai ɗan dunƙule da ake tokarawa a ciki lokacin kokawa da kifi. Mariƙin na ɓawon bishiyar nan ne da ake toshe kwalba da shi, wanda Fotugal ta fi kowa samarwa. Mai kyau ba ya da ramuka da yawa da aka cike. Duk da haka, sandar da ba a ɗauraye ta da ruwan daɗi kowace yamma ba, gishiri zai shiga ƙarƙashin ƙafafun zobba ya fara ci. Karyewa kuwa ba kasafai kifi ke jawo ta ba. Ƙofar mota ce, ko fankar silin a masauki, ko ƙwaro mai idon dalma da iska ta maka a jikin sanda ya bar tabon da ba a gani sai ranar da aka ɗora mata nauyi, ko gaɓar da ta sassauta ba a duba ba, ko ɗaga sanda tsaye sak lokacin da kifi ya zo kusa har kanta ya naɗe ya ɓalle. A tsibirin da babu shago, wanda ya je da sanda ɗaya ya jingina tafiyarsa gaba ɗaya a kan siririn kai mai kaurin tsinke.

Batun kuɗi a taƙaice yake. Manyan sandunan kamfanoni irin su Sage da Orvis suna kaiwa dala dubu. Akwai masu nagarta a kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗi, ko ƙasa. Mai tsadar ta fi sauƙi a hannu, ta fi saurin nutsuwa bayan jifa, kayan jikinta sun fi ƙarko, kuma gwanin da ke ruwa kwana ɗari a shekara zai ji bambancin. Mai koyo ba zai ji ba tukuna.

Saboda haka, mai karatu, in wata rana hanya ta kai ka ga wannan sana'a, ko wani naka ya nemi shawara, ga inda na tsaya. Sandar farko ta zama ƙafa 9, gaɓa huɗu, lamba 8, ko 9 in wurin mai iska ne sosai, mai matsakaicin tauri da matsakaicin farashi, wadda ka gwada da hannunka a gajeren nisa. Ragowar kuɗin a sa su a igiyar da aka yi don ƙasashe masu zafi, domin ta ruwan sanyi laushi take yi ta cukurkuɗe a rana, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa don a ga kifi, da sanda ta biyu ta ko-ta-kwana, da awa biyu ko uku a gaban malamin jifa. In kuwa tarfon ne a ranka, kada ka je masa da lamba 8. Ka jira har ka mallaki 11 ko 12, ko ka ara a hannun jagora. Yawancinsu suna ajiye irinta a jirgi.